Ƙanƙara a Bakin Teku: Yadda Otal Ke Sayen Hunturu da Kuɗin Wuta

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, wani tsohon otal da ke Koronado, tsallaken ruwa daga birnin San Diyego a kudancin Kaliforniya, yakan shimfiɗa filin ƙanƙara a kan ciyawar da ke tsakanin gininsa da rairayin teku. Sunansa Hotel del Coronado, farin ginin katako mai jan rufi, wanda aka buɗe tun 1888. Filin yakan zauna har farkon Janairu, sannan a kwashe shi. Mutum zai sayi tikiti, a ba shi aron takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, ya hau ya yi ta zamiya wajen awa ɗaya da rabi, ga dogayen itatuwa dangin giginya a gefe, ga tekun Fasifik yana tumbatsa a gabansa. Wasu ma da gajeren wando suke hawa, don a Disamba zafin San Diyego da rana yakan kai digiri 18 ko 19 a ma'aunin Salshiyos. Ranar da busasshiyar iskar nan ta Santa Ana ta taso daga hamada kuwa, yana iya zarce 25.

Ruwa dai ba ya daskarewa sai a sifili. Ke nan abin da ke ƙarƙashin ƙafafun mutanen nan bai kamata a ce yana nan ba, kuma da za a kashe inji, ba zai daɗe ba zai koma tafki. Duk wanda ya hau filin nan, a kan kuɗin wutar lantarki yake tsaye, ko ya sani ko bai sani ba.

Babu injin da ke ƙera sanyi. Abin da inji ke yi shi ne ya kwashe zafi daga wuri ya kai shi wani wuri ya zubar. Wanda ya taɓa leƙa wajen masu yin ƙanƙarar bulo a Kano ko Maradi ya riga ya ga rabin aikin: tanki cike da ruwan gishiri wanda inji ke sanyayawa har ƙasa da sifili amma bai daskare ba, a tsoma gwangwanayen ruwa a ciki, ruwan gishirin ya zuƙe musu zafi har su sandare. Filin zamiya wannan tankin ne aka baje shi a ƙasa. Ana fara daidaita wurin da katako ko yashi, a sa abin da zai tare ɗumin ƙasa, a shimfiɗa leda, sannan a jera siraran bututu kusa da kusa daga wannan bango zuwa wancan. A cikin bututun ruwa ne gauraye da sinadarin gilaikol, irin wanda ake zubawa a lagireton mota a ƙasashen sanyi don kada ruwanta ya daskare. Famfo yana tura shi yana da sanyin kusan digiri 10 ƙasa da sifili, ya zaga filin ya ɗebo zafi, ya koma wurin injin da aka ɓoye a bayan shinge. Kowa ya je irin wannan wuri ya ɗan zaga baya zai ji gurnanin kwamfireso, ya ji manyan fankoki suna huro iska mai ɗumi. Ɗumin nan shi ne wanda aka ciro daga ƙanƙarar, haɗe da na wutar da injin ya sha.

Ba a tara ruwa lokaci guda a ce ya daskare. Feshi ake yi kaɗan-kaɗan, galibi da dare, wannan ya kama a ƙara wani, har kauri ya kai 'yan santimitoci a saman bututun. In ya yi kauri da yawa ma matsala ce, domin ƙanƙara ba ta saurin miƙa zafi, sai ƙasa ya yi tauri sama kuma ya yi ruwa.

Dabarar ta tsufa. A shekarun 1840 an yi filayen zamiya a Landan da kitsen alade da gishiri iri-iri, wari ya kori jama'a. A 1876 wani likitan dabbobi mai suna John Gamgee, wanda ke neman hanyar daskarar da naman da ake kawowa daga Ostireliya, ya buɗe filin ƙanƙara na farko da inji ya daskarar a unguwar Chelsea, da bututun tagulla da ruwan gilisarin ke bi ta ciki. Abin da ake yi a Koronado yau bai rabu da wannan tsari ba, sai dai roba ta maye gurbin tagulla.

Inda lissafin ke da ban sha'awa shi ne, yin ƙanƙarar ba shi ne mai tsada ba. Riƙe ta ne. Mu ɗauki misali, fili mai faɗin murabba'in mita 600 da kaurin santimita 4. Wannan ƙanƙara ce ta wajen tan 22. Kowane kilo na ruwa sai an cire masa zafi kilojul 334 kafin ya daskare, don haka jimillar abin da za a kwashe bai fi kwatankwacin yunit 2,000 da 'yan kai ba, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Inji mai kyau kuma da yunit ɗaya na wuta yakan kwashe zafin yunit biyu ko uku. Wannan sau ɗaya ake biya a farkon kaka. To amma rana fa? A Disamba, ko da yake rana ba ta hawa can sama a San Diyego, takan zubo wa kowane murabba'in mita kimanin yunit 3 a wuni. A ce farin ƙanƙara ya mayar da rabi. Sauran rabin da filin ya shanye, cikin kwana biyu ko uku ya kai duk abin da aka kwashe tun farko. Haka za a yi ta yi har mako shida ko bakwai.

Shi ya sa fari yake da muhimmanci. Ƙanƙara tsantsa garau take, hasken rana zai ratsa ta ya sami abin da ke ƙasa ya ɗumama shi. Don haka ake sa farin fenti ko farar shimfiɗa a ƙasa. Ganye guda ya faɗo a kan filin da hantsi, kafin la'asar ya haƙa wa kansa ɗan rami daidai siffarsa, saboda duhun launinsa ya sha rana fiye da abin da ke kewaye da shi.

Yawancin mutane sun ɗauka zafin iska ne babban abokin gaba. A bakin teku ba haka ba ne. In iska a kwance take, wata siririyar iska mai sanyi takan kwanta a saman filin, bangon da ke kewaye ya tare ta, ta zama bargo tsakanin ƙanƙara da ɗumin gari. Da wannan bargon fili zai iya jure ranar da ta kai digiri 20. Amma bakin teku ba ya rabuwa da iska, kuma kowane kaɗawa yana yaye bargon ya kawo sabon ɗumi. Ga shi iskar teku ɗauke take da laima. Tururin da ke cikinta in ya taɓa ƙanƙara sai ya koma ruwa, kuma a wannan komawar yakan saki zafi mai yawan gaske: kilo ɗaya na tururi yana sakin abin da zai narkar da fiye da kilo 7 na ƙanƙara. Ba a ganinsa, ba a jinsa a jiki, amma inji yana jinsa. Dare mai hazo da laima, wanda mutum zai ce ai yau an yi sanyi, yana iya wahalar da inji fiye da wani yammaci mai haske da bushewa. Ruwan sama ya fi duka muni, don shi da ɗuminsa yake zuwa kai tsaye, kuma lokacin damina a Kaliforniya shi ne daidai wannan lokaci na hunturu.

Sai ƙananan fitintinu biyu na bakin teku. Feshin gishirin da iska ke ɗebowa yana sa ƙanƙara saurin narkewa, tunda ruwan teku sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili yake daskarewa. Yashi kuma yana dasashe kaifin takalmi.

Mutanen kudancin Kaliforniya sun san wannan wahala tun da daɗewa. Frank Zamboni da ɗan'uwansa Lawrence masu sana'ar ƙanƙarar bulo ne a garin da yanzu ake kira Paramount, kusa da Los Anjelis, suna sayar wa masu loda kayan lambu a jirgin ƙasa. Da firji ya fara cinye musu kasuwa sai suka juya, a 1940 suka buɗe filin zamiya mai suna Iceland. A buɗe suka fara shi, ba rufi. Rana da iskar hamada suka nuna musu iyakarsu, dole suka rufe shi. A wannan fili ne Frank ya ƙera motar gyaran ƙanƙara a 1949, wadda har yau ake kiran irinta da sunansa, bayan ya gaji da ganin ƙarti suna kwashe fiye da awa guda suna kankara da shara da feshi. Motar tana aske saman da takalma suka farfasa, ta kwashe garin, ta shafa sabon ruwa. Abin da zai ba mai kallo mamaki, ruwan zafi ake shafawa, saboda ya fi kama tsohuwar ƙanƙara kuma ba ya tara kumfar iska. Wato ana zuba zafi da gangan sau da yawa a rana, inji kuma ya bi baya ya kwashe. Iyalan Zamboni sun ga rana sun gina rufi. Otal ɗin Koronado ba zai iya ba, don rashin rufin shi ne hajar da yake sayarwa.

A nan ne maganar ta bar hannun injiniya ta koma hannun ɗan kasuwa. Otal na bakin teku cinikinsa na bazara ne, daga Yuni zuwa Agusta. Da sanyi ya shigo, ruwan teku ya sauka wajen digiri 15 ko 16, ba mai wanka sai masu tsananin sha'awa. Amma daga bikin godiya na Amurkawa, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, zuwa sabuwar shekara, iyalai suna hutu kuma hannunsu a sake yake. Abin da ya rage shi ne a ba su dalilin zuwa. Tikitin zamiya ƙaramin abu ne a cikin cinikin. Wanda ya kawo yara biyu zai biya kuɗin ajiye mota, ya sayi shayin koko, ya ci abinci, wataƙila ya kama wurin zama kusa da murhun wuta da ake jerawa a gefen fili, wani ma ya kama ɗaki. Ga hotunan da kowa zai ɗauka ya watsa a Instagram, tallan da otal bai biya ko sisi ba. Wani ɓangare na kuɗin tikitin yana zuwa ga ƙungiyar Make-A-Wish reshen San Diyego, mai cika wa yara masu tsananin rashin lafiya burinsu. Alheri ne na gaske, kuma yana sa biyan kuɗin ya fi sauƙi a zuciya. Biyun duka gaskiya ne.

Ba su suka fara ba. Filin da ya fi kowanne suna a Amurka, na Cibiyar Rockefeller a Niyok, an buɗe shi ranar Kirsimetin 1936 saboda shagunan da ke wani dandali mai zurfi sun rasa masu saye. Na ɗan lokaci aka yi niyya, ya zauna har yau. Shi kansa otal ɗin Koronado yana alfaharin cewa a 1904 ya ƙawata itace mai rai a waje da fitilun lantarki don Kirsimeti, kafin kowa. Tun wancan zamani ya gane cewa wuta tana iya jawo mutane bakin teku a lokacin da teku ba ya jawo su.

Me ya sa sai ƙanƙara? Domin hoton Kirsimeti da Amurkawa suka tashi da shi hoton arewacin Turai ne da arewa maso gabashin Amurka: dusar ƙanƙara, itacen da ba ya kaɗe ganye, yara da hular ulu. Katunan gaisuwa da fina-finai da tallace-tallace sun shekara fiye da ɗari suna cusa shi, har ya zama yaron da aka haifa a San Diyego, wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara a ƙofar gidansu ba, yana jin kamar bikinsa bai cika ba. (Baitalami kanta, inda labarin ya samo asali, ba kasafai take ganin dusar ƙanƙara ba, amma wannan bai dami kowa ba.) Miliyoyin Amurkawa kuma sun yi ƙaura daga jihohin sanyi zuwa Kaliforniya a ƙarnin da ya wuce, sun gudu daga sanyin amma sun taho da kewarsa. Filin bakin teku yana ba su abin da suke kewa, ba tare da abin da ya kore su ba. Sai dai inji ma yana da iyaka. A Sidni ta Ostireliya, Kirsimeti yana faɗowa ne tsakiyar zafi, don haka filin da akan shimfiɗa a bakin tekun Bondi a watannin Yuni da Yuli ake yin sa, lokacin sanyinsu.

Wanda zai je yana da abin ƙaruwa a duk wannan. Ƙanƙara ta fi kyau da safe, ko bayan faɗuwar rana, wadda a Disamba takan faɗi kafin ƙarfe 5 a can. Tsakar rana saman yakan yi laushi, ruwa ya kwanta a gefen da rana ta fi duka, kaifin takalmi ya riƙa nutsewa maimakon ya sulale, wanda ya faɗi kuma ya tashi da jiƙaƙƙen wando. Mintunan farko bayan motar gyara ta fita su ne mafi santsi, gwanaye na murna, 'yan koyo na maƙale da bango. Za ka ga yaro ɗan shekara biyar yana tura wani abin dafawa na roba, ƙafafunsa na karkarwa, uban kuma, wanda ya fi shi tsoro, yana biye da shi yana ba shi umarni. Takalmin da aka ɗaure sako-sako a idon sawu shi ke kayar da yawancin mutane. Faɗuwar kuma ba wasa ba ce: hannun da mutum zai kai don ya tare kansa yakan zame a kan ƙanƙara, shi ya sa targaɗen wuyan hannu da buguwar kai suka fi yawa a wannan wasa. Ba banza ake sa mutane su sa hannu a takardar ɗauke alhaki kafin su hau ba.

To, almubazzaranci ne? Masu suka sukan fara da ruwa, tunda Kaliforniya jiha ce mai fama da fari. A ganina a nan hujjarsu ba ta da ƙarfi. Filin misalinmu ruwansa lita 24,000 ne ko kusa da haka, a ƙara da na gyaran yau da kullum. Tafkin ninkaya na gasar Olamfik lita miliyan 2 da rabi yake ci. Ciyawar da aka rufe da filin ma ruwa take sha in ba a rufe ta ba. Wuta ce maganar gaske, don injin ba ya hutawa dare da rana, kuma San Diyego tana cikin wuraren da wuta ta fi tsada a Amurka. Akwai ɗan sassauci, domin lokacin da rana ta fi dukan ƙanƙara shi ne lokacin da wutar sola ta fi yawa a layukan Kaliforniya. Amma cunkoson masu zamiya da yamma yake, daidai lokacin da sola ta kwanta kuma farashi ya hau. Akwai kuma iskar gas da ke cikin injin. An hana tsofaffin da ke ɓata lemar sararin sama bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, waɗanda suka gaje su kuma aka gano suna ɗumama duniya, har aka yi gyaran Kigali a 2016 don a rage su. Ammoniya, wadda ita ma ake amfani da ita a irin waɗannan injuna, ba ta da wannan illa amma guba ce: a 2017 ta kashe mutum uku a wani filin ƙanƙara a garin Fernie na Kanada.

Duk da haka, ni ban ga cewa filin shi ne babban mai laifi a otal ba. Wanda ya hau jirgin sama daga Shikago don ya yi hoto a kai, kason man da ya ƙona a tafiyar ya ninka kasonsa na wutar filin sau da yawa. Filin dai shi ne ake gani da ido, shi ya sa ya fi shan suka. Abin da ya fi damuna wani ne daban. Yayin da ake ƙara shimfiɗa ƙanƙarar inji a inda ba ta da asali, ta Allah tana ja da baya a inda take da asali. A Otawa, babban birnin Kanada, mashigin ruwan Rideau yakan daskare ya zama hanyar zamiya mai tsawon kilomita 7.8, kyauta, har ma'aikata su bi ta su tafi ofis. Tun farkon shekarun 1970 ake buɗe ta kowane hunturu, sai a na 2022 zuwa 2023 aka kasa buɗewa ko da yini ɗaya, don ƙanƙarar ba ta kai kaurin santimita 30 da ake buƙata ba. A Holan akwai tseren garuruwa goma sha ɗaya na lardin Friesland, kusan kilomita 200 a kan daskararrun magudanai. Rabon da a yi shi tun Janairun 1997. Zamiya a da wasan talakan ƙasar sanyi ce, tafki ya daskare kowa ya fito da takalminsa. A hankali tana komawa abin da sai da tikiti.

Mafitar da ake ta tallatawa ita ce ƙanƙarar roba, wato allunan roba mai santsi da ake harhaɗawa kamar tayil, ba inji ba ruwa. Birnin Meziko, wanda daga 2007 ya riƙa shimfiɗa ƙaton fili kyauta a dandalin Zokalo, ya koma na roba a 2019. A hunturun 2022, da farashin wuta ya yi tashin gwauron zabi a Turai bayan Rasha ta afka wa Yukiren, garuruwa da dama a Faransa da Jamus sun soke filayensu, wasu suka koma roba ko takalmi mai taya. Amma masu zamiya ba su cika son roba ba, kuma suna da hujja. Santsin ƙanƙara yana zuwa ne daga wani siririn sashe a samanta da ke tsakanin ruwa da dutse, wanda gugar ƙarfe ke ƙara narkarwa, abin da masana tun zamanin Michael Faraday, masanin kimiyya ɗan Ingila na ƙarni na 19, suke muhawara a kansa. Roba ba ta da wannan. Tana da jan ƙafa, tana cin kaifi da sauri, kuma tana zubar da ɓurɓushi, wanda a bakin teku an san inda zai ƙare.

Wanda ya duba jerin waɗanda suka sauya zai ga kusan duk hukumomin gari ne, masu biyan kuɗin wuta daga aljihun jama'a, masu buɗe ƙofa kyauta ko da araha. Su ne farashi ke fara karyawa. Otal kamar na Koronado yana da hanyar da hukumar gari ba ta da ita: in wuta ta yi tsada ya ƙara kuɗin tikiti, in Disamba ta yi zafi ya hayo inji mafi girma, kuma mai ɗakin da ya biya ɗaruruwan daloli a dare guda ba zai fasa zuwa saboda ƙarin dala biyar ba.